Hukunci ne Allah ya yi mini da ya ɗauke yarona?

"Baba Fasto barka da aiki. Ni 'yar ikilisiya ce a nan Damagaram, bana so a sa sunana. Yarona na fari ya rasu cikin damanar nan, shekararshi uku, palu ce, wato zazzaɓin cizon sauro, ta kama shi, kwana biyu kawai muka yi a likita ya cika. Ana cikin zaman makoki wata babba cikin zumuntar mata ta jawo ni gefe tace in binciki kaina, wai Allah baya ɗaukar yaro haka kawai, har ta kawo mini labarin Dawuda da ɗan da Batsheba ta haifa mishi. Gaskiya akwai abinda na yi kafin aure wanda na tuba tun tuni, amma tun ranar da ta faɗi maganar nan ban ƙara barcin kirki ba. Wasu kuma suna cewa in daina kuka tunda ni mai bi ce, ai yana wurin Yesu. Baba dan Allah hukunci ne aka yi mini? In kuma ba hukunci bane to mine ne amfanin wannan wahala? Ko addu'a na kasa yi."

Ɗiyata sannu, ya haƙuri, ya ƙarin haƙurinmu. Ubangiji ya ta'azantar da ke da maigidanki da duk gidan. Na karanta saƙonki, kuma abinda na gani a ciki tambaya ce uku a cuɗe: ko mutuwar yaron biyan bashin tsohon zunubinki ne, ko kukan da kike yi rashin bangaskiya ne, sannan ko akwai wani abu da Allah yake nufi da wannan duka. Ta farkon ita ce ke hana ki barci dan haka a kanta zan fi daɗewa, kuma bari in faɗi matsayina tun yanzu kada in ja miki rai. Bani da wata hujja ko ɗaya cikin Littafi Mai Tsarki da zan ce miki mutuwar nan hukunci ce a kanki, ita ma matar da ta faɗa miki bata da ita, kuma zunubin da kika kai gaban Almasihu kika tuba ba'a sake karɓar kuɗinshi a hannun yaro ɗan shekara uku.

Tambayar taki ma tana nan cikin Littafi kusan yadda kika yi ta. A 1 Sarakuna sura 17 gwauruwar nan ta Zarefat wadda ta ciyar da annabi Iliya lokacin fari, da ɗanta ya mutu abinda ya fara fitowa daga bakinta shine, ka zo ne ka tono zunubina ka kashe mini ɗa? Kin gani, babu wanda ya jawo ta gefe ya faɗa mata, zuciyarta ce da kanta ta je can, dan haka zuciyar uwa take, in yaro ya tahi sai ta shiga lalube cikin rayuwarta tana neman inda ta yi kuskure. Iliya kuwa bai ce mata eh ba, bai ce zauna mu lissafa abinda kika yi a baya ba, karɓar yaron ya yi ya hau da shi ɗakin sama ya je ya yi wa Allah kuka, har shi kanshi annabin yana tambayar Allah dan me.

Labarin Dawuda da aka kawo miki

Ba zan kauce wa wannan wuri ba dan yana cikin Littafi, 2 Sama'ila sura 12, kuma wuri ne mai nauyi wanda ni kaina bana karanta shi da sauƙin zuciya. Amma ki duba yadda abin ya gudana. Dawuda sarki ne, ya ɗauki matar sojanshi, ya shirya aka kashe mijin wato Uriya a bakin daga, ya ɓoye abin ya ci gaba da mulki kamar ba'a yi komi ba. Sai Allah ya aiko annabi Natan, ya tsaya gabanshi ya ambaci laifin da sunanshi, ya kuma faɗi abinda zai faru tun yaron yana da rai. Wato Dawuda bai tsaya bakin kabari yana zato ba, an gaya mishi a fili kafin abin ya zo. Ke wane annabi aka aiko miki kafin yaron ya kwanta? Matar nan bayan an binne ta zo, ta ga gawa sannan ta juya baya tana neman laifin da zai dace da ita, wannan kuwa akasin abinda Natan ya yi ne. Abinda Allah ya bayyana a kan mutum ɗaya a wani lokaci bai zama doka da kowa zai ɗauka ya auna gidajen mutane da ita ba.

In doka ake nema ga ta a Ezekiyel sura 18. Mutanen lokacin suna da karin maganarsu cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu, Allah yace kada a sake faɗin wannan magana a Isra'ila, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Kuma ki yi tunani da kanki, da duk wanda ya yi zunubi kafin aure ana ɗauke mishi ɗan fari, yara nawa zasu rage a makarantar Lahadi? Ayuba ma ya yi wannan lissafi a sura 21, yace ga mugaye nan suna tsufa cikin wadata yaransu suna tsalle-tsalle a ƙofar gida, mai Zabura ta 73 shi ma abinda ya kusa kada shi kenan. Lissafin baya fita ko ta wace huska aka bi.

Wani abu kuma da masu kawo labarin nan basu cika ƙarasawa ba, ita Batshebar ce ta haifi Sulemanu, Littafi yace Ubangiji ya ƙaunace shi, kuma in kika buɗe Matiyu sura 1 zaki tarar da ita cikin jerin kakannin Yesu. Ko a labarin da aka ɗauko dan a tsorata ki ba'a bar matar cikin la'ana ba.

Abinda Yesu ya ce da aka kawo mishi irin wannan lissafi

Sau biyu aka kawo mishi a fili. A Yahaya sura 9 almajiranshi sun ga mutumin da aka haifa makaho suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayenshi? Su a ganinsu amsa biyu ce kawai, sai a zaɓi ɗaya. Yesu yace ba shi ba, ba iyayenshi ba. Mu nan Damagaram bai kamata wannan sura ta zama mana baƙuwa ba, duk mun san Kara-Kara da yadda unguwar ta samo asali, wurin da aka ware kutare da waɗanda gari baya so, kuma shekaru da yawa mutane suna kallon kuturta kamar wata la'ana ce da ta bi gida, alhali ƙwayar cuta ce kuma yau ana warkar da ita da magani. Mutum nawa suka mutu da wannan kunya a zuciyarsu ba laifin komi?

Na biyun a Luka sura 13. An bashi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, yace kuna tsammani waɗannan sun fi sauran mutane zunubi ne? A'a. Sannan ya juya kan masu tambayar yace ku dai ku tuba. Wato in mutum ya ga masifa ta faɗa wa wani, wanda aka bashi izini ya bincika shine kanshi, ba wanda abin ya faɗa wa ba. Da matar nan ta bi Luka 13 da kanta zata bincika ranar, ba ke ba.

Kuma mu masu bi na garin nan mun ɗanɗana wannan. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a nan Zinder, kashegari a Yamai, an rasa rayuka, wasunmu a barikin soja suka kwana. Cikin kwanakin da suka biyo baya na ji masu cewa ai Allah ne yake hukunta ikilisiya saboda sanyin da ta yi. Da tsohon masallacin Birni ya rushe a ruwan saman Satumba 2024 kuma sai na ji wani ɗan'uwa yana raɗa cewa sakayya ce, na tsawata mishi a take, dan ma'aunin da ya ɗauko shine wanda aka auna mu da shi a 2015 muka ji zafi. Ginin ƙasa ne tun ƙarni na 19, ruwa ya yi yawa a shekarar, gidajen Kirista da na Musulmi duk sun zube, mutanen gari kuma sun yi baƙin cikin rasa tarihinsu wanda namu ne mu ma. Yesu ya riga ya faɗa a Matiyu sura 5 cewa Uba yana fito da rana yana saukar da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci baki ɗaya.

To Allah baya hukunci kenan?

Yana yi, kuma ba zan rage wannan dan in faranta miki ba. Hananiya da Safiratu sun faɗi sun mutu a Ayyukan Manzanni sura 5 saboda ƙarya, Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa wasunsu suna ciwo wasu sun mutu saboda yadda suke wulakanta jibin Ubangiji. Akwai kuma abinda zunubi yake haifarwa da kanshi ba sai an aiko komi daga sama ba, mai shan giya hantarshi ta lalace, mai cin amana ya rasa gida. Amma duk waɗannan wurare laifin a bayyane yake, ana cikin yinshi ne ba'a tuba ba, kuma wanda ya yi shi ne abin ya samu. Naki kuwa tsoho ne, kin tuba, kin bari.

Ibraniyawa sura 12 tana maganar horo, cewa Ubangiji yana horon wanda yake ƙauna kamar uba da ɗa. Mutane suna son jefa wannan aya a zaman makoki kuma ni bana so, dan ko a gidajenmu uban da ya san abinda yake yi in zai hori yaro sai ya gaya mishi laifinshi, wanda ya tashi cikin dare ya zane yaro bai ce komi ba ya barshi yana zato har ya girma ba horo ya yi ba, zalunci ya yi. In Ruhu Mai Tsarki yana nuna wa mutum zunubi yakan nuna abu takamaimai wanda za'a iya tuba a gyara, kuma bayan tuba sai hutu ya zo. Wannan da ke tashe ki tsakar dare yana maimaita miki abinda aka riga aka gafarta, baya kai ki ko'ina sai cikin tsoro, ba muryar Ruhu bace, Littafi yana da suna ga mai wannan aiki, mai ƙarar 'yan'uwa, wato Shaiɗan.

Tushen maganar dai gicciye ne. Mu Kirista mun gaskata cewa hukuncin zunubinmu ya riga ya sauka a kan Almasihu, shi yasa Romawa 8:1 tace yanzu babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, 1 Yahaya 1:9 kuma tace in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci zai gafarta. Duk wanda yace miki Allah ya karɓi yaronki a bakin wancan laifi, ko ya sani ko bai sani ba cewa yake jinin Yesu bai isa ba sai an cika da na ɗanki. Ni a wurina wannan ya wuce rashin iya magana, kuskuren koyarwa ne babba. Ranar shari'a kuma tana nan zuwa, a nan ne za'a buɗe komi, Bilatus zai amsa tambaya a kan Galilawan nan, duk wanda ya ci kuɗin maganin yara ko ya sayar da na jabu zai amsa tashi, kuma Bulus yace kada mu yanke hukunci kafin lokacin ya yi.

Maganar kuka

Ki yi kukanki ɗiyata. Na san inda matsin yake fitowa, ba daga majami'a kaɗai ba, al'adarmu ce ma, ɗan fari ne, ana so ki yi kara, ko sunanshi da yana raye ba'a so a ji a bakinki gaban surukai balle yanzu a ga kina zubar da hawaye, kowa ya shigo sai haƙuri, haƙuri maganin zaman duniya. Haƙurin mutanenmu abu ne mai kyau kuma ina girmama shi, maƙwabtanmu Musulmi da suke cika gida ranar rasuwa su zauna a tabarma su kawo abinci sun koya mana zumunci da yawa. Amma haƙuri da haɗiye kuka ba abu ɗaya bane.

Yesu ya tsaya a kabarin Li'azaru a Betanya, ya san nan da ɗan lokaci kaɗan zai kira shi ya fito, duk da haka ya yi hawaye har mutane suka ce dubi yadda yake ƙaunarshi. In wanda zai tada mataccen ya yi kuka, wa zai hana ki? Da aka jejjefe Istifanas mutane masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi mishi makoki mai zafi. Isra'ilawa kwana 30 suka yi suna makokin Musa. Bulus da abokin aikinshi Abafroditas ya kusa mutuwa ya warke, cewa ya yi Allah ya ji tausayina dan kada baƙin ciki ya hau kan baƙin ciki, bai ce ai da ya mutu ma riba ce ba, alhali shi ne ya rubuta cewa mutuwa riba ce a cikin wasiƙa ɗaya. Ayar da ake yawan karantawa a jana'iza, 1 Tasalonikawa 4:13, bata ce kada a yi baƙin ciki ba, tace kada a yi irin na waɗanda basu da bege. Martin Luta ma, wanda duk majami'unmu na bishara suke jin sunanshi, da ɗiyarshi Magdalena ta rasu a 1542 tana da shekara 13 ya sha kuka, yana mamakin yadda ya tabbata tana cikin salama amma zuciyarshi ta ƙi daina ciwo.

Addu'ar da kika ce kin kasa, kada ki ɗora wa kanki wannan a matsayin wani sabon laifi. Romawa sura 8 ɗin nan dai tace akwai lokacin da bamu san yadda zamu yi addu'a ba sai Ruhu ya yi roƙo dominmu da nishin da baya faɗuwa da baki. Abinda nakan ba mutane a irin wannan lokaci shine Zabura ta 13, gajera ce, sau huɗu tana tambayar Allah har yaushe. In ita ma ta yi miki haske da yawa ki koma ta 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu babu ko ayar yabo a ƙarshe, kuma aka barta cikin Littafi haka nan. In hushi kike ji da Allah ki gaya mishi, Ayuba ya faɗi maganganun da in wani ya tashi ya faɗe su ranar Lahadi dattawa zasu zaunar da shi, amma a sura 42 abokanshi uku masu kare Allah da lissafin zunubi su Allah ya yi hushi da su, yace basu faɗi gaskiya a kanshi ba kamar bawanshi Ayuba, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Abinda suka yi daidai ɗaya ne, kwana 7 na farko da suka zauna da shi a ƙasa babu wanda ya buɗe baki.

Amfanin wahalar

Nan ne iyakata take. Ban san dalilin da yasa naki ya tahi na maƙwabciyarki da suka kwanta gado ɗaya ya tashi ba, kuma duk faston da yace miki ya sani ki yi hattara da shi, musamman in maganar ta ƙare da a kawo kuɗi ko a yi azumin karya la'ana. Annabi Elisha kanshi da matar Shunem ta zo ta kama ƙafafunshi bayan ɗanta ya mutu, cewa ya yi Ubangiji ya ɓoye mini abin bai faɗa mini ba. Ayuba har littafin ya ƙare ba'a gaya mishi abinda ya faru a sura 1 da 2 ba, mu masu karatu ne muka sani, shi bai sani ba.

Abinda zan iya faɗa shine Littafi baya kiran mutuwa abu mai kyau, abokiyar gaba yake kiranta, ta ƙarshe da za'a hallaka, 1 Korantiyawa 15:26. Romawa 8:28 da ake saurin karanta wa masu makoki bata ce kowane abu alheri bane, tace Allah yana aiki cikin kowane abu zuwa alheri ga masu ƙaunarshi, kuma tsakanin biyun akwai nisa. Yusufu ya ce wa 'yan'uwanshi kun nufe ni da mugunta Allah ya nufe shi da alheri, bai wanke muguntar ba, ya kira ta da sunanta. Kuma ki lura da lokaci, yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai da aka yi shekara 22 kafin ya tsaya gabansu ya fara irin wannan magana, kuma shi wanda aka jefa a rijiyar ne ya faɗa da bakinshi, ba wani ya leƙo ya gaya mishi yana ciki ba. Ke ko wata uku baki yi ba.

A aikin da nake yi na ga abu ɗaya yana maimaituwa. In aka yi rasuwar yaro a ikilisiya, wadda ta fi iya zama da uwar ba mu masu wa'azi bane, wata ce da ta taɓa binne nata, takan shigo ta zauna ta riƙe hannu bata cewa komi, ta dawo bayan sati biyu lokacin da kowa ya watse. Wannan shine abinda 2 Korantiyawa sura 1 take nufi da ta'azantar da wasu da ta'aziyyar da muka samu. Amma ba zan taɓa ce miki an ɗauke yaron ne dan ki zama mai ta'aziyya ba, ko dan ki ƙara kusa da Allah, babu uwar da zata yarda da wannan ciniki kuma ban ga inda Allah ya nemi ki yarda ba. Abinda ya fito daga baya daban, dalili daban. Kuma gaskiya na ga waɗanda wahala ta gyara, na ga waɗanda ta bar su da tabo har tsufa, bana tsammanin na biyun sun fi na farkon ƙarancin bangaskiya.

Game da inda yaron yake, babu aya ɗaya da ta zauna ta yi bayanin makomar ƙananan yara dalla dalla, amma abinda muke da shi yana da ƙarfi. Yesu yace a bar yara su zo wurinshi dan mulkin Allah na irinsu ne, Dawuda kuma a cikin wancan labarin dai yace ni zan tahi wurinshi shi ba zai dawo wurina ba. Majami'unmu da basu yi wa jarirai baftisma a kan wannan bege suke binne yara, Katolika ma a 2007 sun fitar da bayani cewa akwai dalili mai ƙarfi na sa zuciya ga ceton jariran da suka mutu ba baftisma. Wani abu da nake so a ƙarshen Ayuba, dukiyarshi an ninka ta, tumaki 7,000 suka koma 14,000, raƙuma 3,000 suka koma 6,000, amma 'ya'ya 10 ya rasa 10 aka bashi, kuma tun da daɗewa masu fassara suke cewa dan na farkon basu ɓace bane. Shi yasa bana son maganar nan da ake yi wa mata, ai ke yarinya ce Allah zai baki wani. Ina roƙon ya baki, amma wani ba wannan bane.

Palu kuma palu ce

Akwai wata tuhuma da baki rubuta ba amma na san tana nan, wato da na kai shi likita da wuri. Ni ba lokotoro bane, amma abinda ma'aikatan lafiya suke faɗa shine palu mai tsanani tana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya, ta shanye jini ko ta hau kai, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne mafi yawan waɗanda take kashewa a Afirka, daga tsakiyar damana zuwa kaka kowa ya san yadda ɗakunan yara suke cika a garin nan. Kin kai shi, kin kwana a kanshi, abinda uwa take yi kenan. Na faɗi wannan ne kuma dan wata ƙofar da ake buɗewa in an rufe ta hukunci, sai a koma maita, a ce wata tsohuwa ce a dangi ko kishiyar wance ta kama kurwarshi, na ga gidajen da wannan zargi ya raba har yau basu gaisawa. Kada ki bari a kai ki can. In akwai ƙanenshi ko in Allah ya kawo wani, sange wato gidan sauro kowane dare, maganin rigakafin da ake rabawa yara gida gida lokacin damana a karɓa a cika shi, zazzaɓi ya fara a tahi likita ranar, wannan ba rashin dogara ga Allah bane.

Ita matar zumunta ban ce ki je ki yi faɗa da ita ba, kuma ban ce dole ki zauna kusa da ita ranar Lahadi ba tukuna, wataƙila ita ma abinda aka gaya mata kenan wata rana. Amma ki sanar da fastonku ko matarshi abinda aka faɗa miki, dan aikinsu ne su gyara wannan koyarwa kafin ta isa kunnen wata. Tsohon al'amarin kuma ba sai kin tona shi gaban jama'a ba, in yana damunki ki samu mace ɗaya dattijuwa mai riƙe sirri ku yi addu'a a kai sau ɗaya ku rufe. Ki kula da maigidanki, maza a nan ana basu kwana uku a ƙofar gida sannan a sa ran su koma kasuwa ko sarwis kamar ba'a yi komi ba, shirun da yake yi ba mantuwa bace, ki ambaci sunan yaron a gabanshi ku yi maganarshi tare. Sannan rashin barcin nan, in ya ci gaba har kin kasa cin abinci ko aikin gida, ko tunanin bin yaron ya fara zo miki, kada ki tsaya ga addu'a kaɗai, ki gaya wa wani a gidan ranar kuma ku je likita, akwai taimakon da suke bayarwa a kan wannan. In zuwa sujada ya yi miki nauyi yanzu ki nemi mata biyu su riƙa zuwa gida suna karanta miki Zabura, ki koma majami'a lokacin da ƙafarki ta iya ɗaukarki.